Kundin Aiki: Gyara Yadda Ake Karɓar Mota da Miƙa Ta a Sashen Gyara na Dila

Litinin, 6 ga Janairu

An buɗe wannan kundi don bin sawun aikin sake tsara mu'amalar sashen gyara da masu motoci, tun daga shigowar mota ƙofa har zuwa miƙa makulli. An fara da tattaro ƙorafe-ƙorafen watannin baya, aka ajiye kowanne kusa da katin aikin motar da ya shafa. Masu cewa makanike bai iya aiki ba kaɗan ne. Kuka iri huɗu ne ke ta maimaita kansa: an ce mota za ta fito yau, ba ta fito ba, kuma ba wanda ya kira; kuɗin da ke rasit ya zarce wanda aka faɗa; an biya an tafi amma ƙarar da ta kawo motar tana nan daram; an karɓi mota da tabon baƙin mai a sitiyari.

Uku na farko duk magana ce ta zube a hanya. Mai mota ya faɗa wa mai karɓa, wato ma'aikacin da ke karɓar mota a kanta, mai karɓa ya rubuta a kati, makanike ya karanta, mai sito ya fitar da kaya, mai kuɗi ya buga rasit. Hannu biyar ke nan, kuma mutumin da zai shiga ƙarƙashin motar bai taɓa jin muryar mai ita ba. Katin nan ne kaɗai kunnensa. Don haka daga kan katin za a fara.

Alhamis, 9 ga Janairu

An karanta tsofaffin katuna ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi yawa a gurbin ƙorafi shi ne kalma biyu ko uku: "duba ƙara", "a duba birki", "mota na rawa". Wasu kuma sun fi haka muni, domin mai karɓa ya rubuta hasashensa a madadin abin da aka gaya masa. Mai mota ya ce yana jin gurnani daga gaba, aka rubuta "a canza boris". Makanike ya canza boris kamar yadda kati ya ce, gurnanin kuwa na taya ne da ta cinye gefe guda. An sayar wa mutum kayan da ba ya buƙata, kuma ya dawo da fushinsa, da gaskiyarsa.

An raba gurbin gida uku: abin da mai mota ya faɗa, da kalmominsa, abin da makanike ya gano ya jawo, abin da aka yi. Mai karɓa yana cika na farko kawai, ba ya taɓa sauran biyun. A bayan katin an buga tambayoyin da dole a yi idan maganar ƙara ce ko rawa: daga wane ɓangare, a wane gudu, da sanyin inji ko bayan ya yi zafi, lokacin taka birki ko karya kwana ko hawa gargada, kullum ko jefi-jefi, tun yaushe, kuma an taɓa motar a wani wuri kafin abin ya fara?

Amsoshin su ne rabin bincike. Sitiyari mai karkarwa tsakanin kilomita 90 zuwa 110 a sa'a, ba tare da an taka birki ba, galibi daidaiton taya ne. In sai an taka birki yake karkarwa, faifan birki za a fara aunawa. Gurnanin da ke ƙaruwa idan an karkata hagu ya lafa idan an karkata dama yana nuna boris. Ƙas-ƙas-ƙas lokacin da aka murɗe sitiyari ƙarshe ana tafiya a hankali, gaɓar shaf ta waje ce, kuma sau da yawa robarta ta yage giris ya tsiyaye. Kukan tsuntsu da safe wanda ke ɓacewa bayan minti kaɗan, bel ne ko abin da ke ɗaure shi. Ba a so mai karɓa ya yanke hukunci da waɗannan. Ana so ya san dalilin kowace tambaya don kada ya tsallake ta ranar da layi ya yi tsawo.

Laraba, 15 ga Janairu

Zagayen mota tare da mai ita ya fara aiki. Minti huɗu zuwa biyar ne: a ɗauki hoton kusurwoyi huɗu da gilashin gaba, a rubuta kilomita da yawan man da ke tanki, a kunna mota a ga fitilun gargaɗin da ke ci, a nuna masa duk wani ƙarce ko lotsawa, ya sa hannu. Ana sa ledar kujera da ta sitiyari da takardar ƙasa a gabansa, ba bayan ya juya baya ba.

Lambar shasi yanzu daga jikin mota ake ɗaukarta, ta ƙasan gilashin gaba ko jikin ginshiƙin ƙofar direba, ba daga takardar da aka miƙo ba. Alamomi 17 ne, kuma babu haruffan I da O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Duk katin da aka ga ɗaya daga cikinsu a kai, an yi kuskuren kwafa. Kuskuren harafi guda ya isa ya sa sito ya yi odar fad ɗin birki na wani samfurin daban, a yi kwana uku ana jira, kaya su zo su ƙi shiga.

Matsalar da ta fito: kowa na son kawo mota da sassafe, masu karɓa biyu ba za su iya zagaye kowace mota ba idan goma sun tsaya a lokaci guda. An raba lokacin karɓa zuwa tazarar minti 15, ana ba kowa nasa tun a waya.

Talata, 21 ga Janairu

Fitilar gargaɗin inji ita ce ta fi haddasa jayayya a gaban kanta, don haka an ba ta zama na musamman da masu karɓa da makanikai tare.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan an jona kwamfutar bincike, za ta faɗi abin da ya lalace, shi ke nan sai a canza. Suna ganin kuɗin bincike cuta ce, tunda jona waya bai wuce minti biyu ba. Lambar da kwamfuta ke nunawa kuwa tana faɗin inda motar ta ga abin da bai yi mata daidai ba ne, ba ta faɗin mai laifi. Alal misali, lambar P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa a cakuɗen da inji ke ƙonawa. Abin da zai jawo haka yana iya zama tiyon iska da ya tsage bayan sensar awon iska, ko sensar ce ta yi datti, ko famfon mai ya yi rauni, ko nozul sun toshe. Makanike zai duba yawan ƙarin man da kwamfutar motar ke yi don cike giɓin: idan ƙarin ya yi yawa a tsaye amma ya sauko da aka ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a minti, iska ce ke satar hanya, idan sai an ɗora wa inji nauyi yake ƙaruwa, mai ne ba ya isa ko sensar na ƙarya. Wannan aunawar ake biya, ba jona waya ba. Haka P0420: ta ce tukunyar tace hayaƙi ba ta aiki yadda ya kamata, amma ɗan huji a salansa kusa da sensa kan kawo ta, kuma ko da tukunyar ce ta mutu, akwai abin da ya kashe ta, galibi inji mai tsallake wuta ko mai shan baƙin mai. A sa sabuwa ba a gyara wancan ba, ita ma za ta bi sahun ta farko, kuma tana cikin kaya mafi tsada a ƙarƙashin mota.

An tsayar da ƙa'idoji biyu. Ta farko, ba mai goge lamba kafin a adana hoton yanayin da mota ta ajiye lokacin da fitilar ta kama, wato gudu, zafin inji, juyi da nauyi. Gogewa tana share shi, kuma a matsalar da ke zuwa jefi-jefi shi ne kaɗai shaidar da ake da ita. An sha yi wa kwastoma "alheri" a bakin ƙofa, a goge masa fitila kyauta, ya dawo bayan mako guda ba abin da makanike zai kama. Ta biyu, duk wanda ya kira ya ce fitilar tana ƙyaftawa, ba ci kawai take ba, a ce masa ya rage gudu ya tsaya da zarar ya sami wuri, domin ƙyaftawa na nufin inji na tsallake wuta sosai har ɗanyen mai na shiga salansa yana ƙona tukunyar.

An kuma rubuta yadda za a bayyana kuɗin bincike tun kafin a taɓa mota: sa'a guda ta farko, kuɗinta kaza, idan an gano a cikinta, za a kira da sakamako, idan ana buƙatar ƙari, za a kira kafin a ci gaba.

Juma'a, 31 ga Janairu

Kiran waya. Dokar ita ce sashen gyara ne ke fara kira, ba mai mota ba. Duk motar da ke ciki ana ba mai ita labari sau biyu a rana, ƙarfe 11 da ƙarfe 3, ko da labarin shi ne kaya ba su iso ba. A wurin karɓa ana tambayarsa ko kira yake so ko saƙo, da lambar wanda ke da ikon amincewa da kashe kuɗi, domin sau da yawa direba ne ya kawo mota, ba mai ita ba.

Makon farko bai tafi daidai ba. Masu karɓa suna da niyyar kira amma ba su da abin faɗa, saboda makanikai ba sa rubuta komai a kati sai sun gama. An kafa allo a ƙofar shiga wurin aiki mai layi shida: tana jira, ana bincike, ana jiran amincewa, ana jiran kaya, ana gyara, ana gwaji. Shugaban makanikai ne ke matsar da katin kowace mota, ƙarfe 10:30 da 2:30 yana tsayawa da masu karɓa minti biyar a gaban allon.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Yau aka kai ga wurin da amana ta fi karyewa: ƙarin aikin da aka gano bayan an ɗaga mota. Mutum ya kawo mota juyen baƙin mai, a kira shi a ce birki ya ƙare, taya ta mutu, batir na dab da tafiya. Ko da duk gaskiya ne, kunnensa tarko yake ji.

Abin da aka sauya shi ne a daina amfani da "ya ƙare" da "ya kusa", a koma lamba da hoto. Sabon fad ɗin birkin gaba yakan kai milimita 10 zuwa 12. Idan ya sauko 3, lokacin canji ya yi. Makanike yana ɗora ma'auni a jikin fad ɗin ya ɗauki hoto lambar na fitowa. Faifan birki yana da mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa, sai a rubuta awon yau kusa da wancan. Taya tana da ɗan tudu a cikin zanenta mai tsayin milimita 1.6, idan zane ya zo daidai da shi, ta gama. Ana auna ta wuri uku, ciki da tsakiya da waje, domin cinyewar gefe guda tana nuna saitin ƙafa ya kauce, kuma sabuwar taya ma haka za ta cinye in ba a gyara ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin lambobin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Batir mai cikakken caji da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6, amma wannan kaɗai bai isa a yanke masa hukunci ba, sai an gwada ƙarfin tayar da injinsa an kwatanta da lambar da ke jikinsa, a maƙala takardar gwajin a kati. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu: nau'in da ake kira DOT 4, sabo, ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Selsiyas, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa kusan 155, kuma a gangare mai tsawo tafasarsa ce ke sa feda ta tafi ƙasa.

An kasa abubuwan da aka gano kashi uku: na yau, wanda ya shafi lafiyar mutane ko zai lalata wani abu, na watanni masu zuwa, tare da kilomitar da ake sa ran ya kai, da wanda ake sa wa ido kawai. Ga yadda aka tsara kiran ya kasance: "Ranka ya daɗe, mun gama juyen mai. Fad ɗin gaba saura milimita 2, na turo maka hoto, wannan ba ma so ka fita da shi. Na baya yana kan 5, zai kai ka zuwanka na gaba, kada ka kashe kuɗi a kansa yau." Jumla ta ƙarshe ita ce masu karɓa suka fi jin nauyin faɗa, saboda ana auna ƙoƙarinsu da yawan abin da suka sayar. An kai wannan magana gaban hukumar kamfani, domin muddin ladan mai karɓa ya rataya ga girman rasit, kashi na biyu zai riƙa zamewa yana komawa na farko.

Kowace amincewa ana rubuta ta da suna, lokaci, adadin kuɗi da hanyar da aka bayar da ita. Ba amincewa, ba a kwance noti.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kayan gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk aikin da aka san kayansa tun a waya, sito na fitar da su kwana guda kafin ranar, a zuba a kwando mai lambar motar, har da ƙananan da ake mantawa, irin su wasar notin juye mai (ɗan zoben da ke hana ɗiga), kilif-kilif na roba da kusoshin da ba a ɗaurawa sau biyu. Idan kaya na oda ne kuma motar tana iya tafiya lafiya, ba a kwance ta sai kaya sun iso an buɗe kwali an kwatanta lamba. Kamfanoni kan maye gurbin lambar kaya da sabuwa, wani lokacin sabon samfurin yana buƙatar wani ɗan abu tare da shi. Mai sito ya karanta bayanin maye gurbin kafin ya tura oda.

Talata, 18 ga Fabrairu

An gano cewa masu karɓa suna cakuɗa abubuwa uku a bakinsu, kwastoma kuma ya ɗauka duk kyauta ne. Garanti alƙawarin kamfanin da ya ƙera mota ne na gyara lahanin ƙira cikin shekaru ko kilomita da aka ƙayyade, duk wanda ya riga cika, kuma ba ya ɗaukar abin da ke cinyewa da amfani kamar fad, roban goge gilashi da faifan kulochi. Kiranye shi ne kamfani ya nemi a dawo da motoci saboda lahani da ya shafi lafiya, gyaransa kyauta ne ko garanti ya ƙare. Sanarwar fasaha kuwa takarda ce da kamfani ke aika wa makanikai game da matsalar da aka sani da hanyar gyaranta. Ba ta mai da gyara kyauta sai in motar na cikin garanti ko kamfani ya faɗi haka a fili.

Daga yau ana duba kiranye da lambar shasi a kowace mota, ko me ta zo yi. Misalin da aka yi amfani da shi a horo shi ne jakar iska ta kamfanin Takata, wadda sinadarin da ke hura ta ke lalacewa da zafi da danshi har ya tarwatsa gwangwaninsa ya watso ƙarfe. An kira miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban, kuma sau da yawa masu mota na biyu da na uku ba sa samun wasiƙar. Mai karɓa na iya zama mutum na farko da zai gaya musu.

Tsofaffin kaya: na aikin da kwastoma ya biya nasa ne, ana sa su a leda a but, ko a nuna masa. Na garanti ana rataya musu alama a ajiye, domin kamfani na iya neman su. Irin su altaneta da sitata da ake musayar tsoho da wanda aka sabunta, tsohon yana komawa. A faɗi wannan tun a wurin karɓa, don kada rashin ganin tsohon kaya ya zama zargin ba a canza ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Motocin da suka dawo kan aikin da aka riga aka biya. An buɗe musu rajista ta daban, shugaban makanikai ne ke karɓarsu da kansa, ba sa bin layi, kuma ana rubuta sanadin kowace, ba sunan mai laifi kawai ba. Abin da rajistar ta nuna cikin makonnin nan ƙananan abubuwa ne masu maimaituwa.

Karkarwar birki 'yan makonni bayan an sa sabon faifai. An bi sawu aka tarar ba a kankare tsatsar fuskar da faifan ke zama a kai ba, kuma an ɗaure notin taya da bindigar iska ba bisa awo ba. Faifan ya zauna a ɗan karkace, fad na shafar gefe guda a kowane juyi har kaurinsa ya bambanta. Yanzu ana goge fuskar har ta yi fes, a auna karkacewar faifai da agogon awo, wadda a yawancin motoci ba a so ta wuce kusan milimita 0.05, sannan a ɗaure noti da hannu, tsallake-tsallake, da sifanar awo bisa lambar littafin motar. A ƙananan motoci lambar kan faɗa tsakanin Nm 100 zuwa 140 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne).

Ɗigar baƙin mai bayan juye. Ko an mayar da tsohuwar wasa, ko robar tsohuwar filta ta manne a jikin inji aka ɗaura sabuwa a kanta. Ta biyun tana da haɗari, domin mai na iya tsiyayewa gaba ɗaya a kan hanya. Ƙa'ida: a duba robar tana jikin tsohuwar filta kafin a jefar, a kunna inji minti biyu ana kallon ƙasa, a kashe, a jira, a auna.

Na'urar sanyaya da aka "ƙara wa gas" ta sake daina sanyi. Gas ba ya ƙarewa da amfani. In ya ragu, yoyo ne. Ana zuƙe na ciki a auna, a gwada ko tsarin na riƙe matsi, a nemi yoyon, sannan a cika da nauyin giram da ke rubuce a takardar ƙarƙashin bonet. Takardar ce kuma ke faɗin irin gas ɗin, ko R134a ne ko R1234yf, ba a haɗa su.

Sai abubuwan da ke biyo bayan cire batir: agogo ya koma baya, gilashi ya daina hawa da taɓawa ɗaya, tashoshin rediyo sun goge. A wasu motoci, musamman masu kashe inji a danja, dole a sanar da kwamfutar motar cewa an sa sabon batir, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa cajin tsoho. Bayan saitin ƙafa kuma wasu na buƙatar a sake saita sensar sitiyari. Ga makanike waɗannan ba komai ba ne, amma mai mota da ya shiga ya ga agogonsa ya rikice zai fara tunanin me kuma aka taɓa.

Alhamis, 6 ga Maris

Gwajin hanya yanzu yana bin ƙorafin da ke kati. In an ce ƙarar tana zuwa a kilomita 100 a sa'a, zagayen bayan gini ba gwaji ba ne. In ta sanyin safiya ce, motar ta kwana, a gaya wa mai ita dalili tun farko. Wanda ya yi gyara ba shi ne ke sa hannun ƙarshe ba.

An hana rubuta "ba a ga matsala ba" shi kaɗai. Ga mai mota ma'anarsa ita ce an ƙaryata shi. Makanike zai rubuta abin da ya gwada, kilomita nawa, a wane yanayi, da abin da ya auna. Sannan a gayyaci mai motar ya tuƙa, makanike na gefensa, har ya nuna ƙarar. Wata mota da aka yi ta zuwa da ita kan ƙwanƙwasa daga baya, minti goma na irin wannan tafiya suka warware ta: jak ne bai zauna a mazauninsa ba a ƙarƙashin but, kuma sai a kan wata irin gargada yake bugawa.

Batir mai mutuwa cikin dare ma ya shiga wannan sahu. Ana auna wutar da mota ke ja a kashe, amma sai an kulle ta an bar kwamfutocinta sun yi barci, abin da kan ɗauki rabin sa'a ko fiye. Abin da ya wuce kusan miliamfiya 50 bayan nan abin bincike ne. A tambayi mai ita ko an ƙara mata wani abu, kamar na'urar bin sawu ko kyamara.

Laraba, 12 ga Maris

Miƙa mota. Ana kiran mai ita da jimillar kuɗi kafin ya taso, don kada ya fara jin ta a gaban mai kuɗi. Mai karɓa, ba mai kuɗi ba, shi ke bin rasit layi-layi: ƙorafi, sanadi, gyara, kaya, aikin hannu. An shawarci masu karɓa su bayyana cewa kuɗin aikin hannu bisa lokacin da littafin kamfani ya ƙayyade wa aikin ake lissafa shi, ba bisa sa'o'in da mota ta yi a ciki ba, domin wannan tambaya tana yawan tasowa. Kafin a fito da mota: an goge tunatarwar sabis, iskar taya bisa takardar ginshiƙin ƙofa ba lambar jikin taya ba, kujera da madubi a inda aka same su, an cire leda a gabansa, an nuna masa kilomitar shiga da ta fita.

An dakatar da roƙon maki. Masu karɓa sun saba cewa "in an turo maka tambayoyi don Allah ka ba mu cikakke", saboda kamfani na ɗaukar duk abin da bai kai cikakken maki ba a matsayin faɗuwa. Sakamakon shi ne maki masu kyau a takarda da kwastomomin da ba sa dawowa. A madadinsa, bayan kwana biyu wani wanda ba shi ya karɓi motar ba yana kira da tambaya biyu: abin da ya kawo ka ya tafi? Akwai abin da ka gani a motar da ba ka so ba?

Litinin, 17 ga Maris

Abin da ya zauna: zagayen mota, gurbi uku a kati, hoto da awo, rajistar motocin da suka dawo. Abin da ke tangal-tangal: kiran ƙarfe 3, wanda ke faɗawa daidai lokacin da masu karɓa ke shirya rasit na motocin da za su fita, za a gwada mayar da shi 2:45 tare da ba mutum ɗaya alhakinsa kowace rana.

Abu biyu ba su motsa ba. Hukuma ba ta ba da amsa kan tsarin ladan masu karɓa ba. Kuma makanikai sun kawo kuka mai tushe: ana biyansu bisa lokacin littafi, amma ɗaukar hoto, awon taya wuri uku, fita gwaji da kwastoma da jiran mota ta yi barci duk ba su da lokaci a littafin, don haka daga aljihunsu yake fita. An rubuta buƙatar a ware minti 18 na biya ga dubawar kowace mota, da layin biya na daban ga gwaji tare da mai mota. Za a tattauna ta ranar Alhamis, 20 ga wata, tare da sabon samfurin katin da aka ƙara masa gurbin amincewa ta biyu da gurbin sa hannun mai gwajin ƙarshe.